Wane Ya Yi Gini

Laccar da aka gabatar a Tabotaki, gundumar Buza, jahar Tawa



Iyayenmu sarakuna da masu gari, malamanmu, iyayenmu mata, samari da 'yan makaranta, da baƙin da suka taso daga Buza da Keita da Madawa, ina gaishe ku da zuwa, ina gaishe ku da rana. Kalma ɗaya aka ba ni in yi magana a kanta, kalmar gini. Na san wani zai ce a ransa, yau kuma gini ne abin tara mutane? Ai ko yaro mai wasan ƙasa ya san gini. A yi mini haƙuri kaɗan. Kalmar nan tana ƙanƙancewa a bakinmu, kuma abin da take zubarwa a hanya dukiya ce.

Mu fara da aikatau ɗin, gina. In mutum ya ce zai gina ɗaki, sama ya nufa. In ya ce zai gina rijiya, ƙasa ya nufa. Mu nan Adar muna gina rijiya, muna gina rami, muna gina kabari, inda mutanen Kano suka fi cewa haƙa. Amma ko a Kanon, karin maganar ba ta sake ba: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Me ya sa kakanninmu suka bar kalma ɗaya ta ɗauki abu biyu da suke fuskantar juna haka? Domin a hannunsu aiki ɗaya ne. Ba ka tayar da bango sai ka buɗe rami. Duk tsohon garin da kuka shiga a ƙasar Hausa, ku duba gefensa ko tsakiyarsa, za ku ga kududdufi. Daga nan gidajen garin suka fito. Kududdufan da ke cikin birnin Kano, waɗanda yau ake cike su ana sayar da filin, su ne mahaƙar ƙasar da aka yi gidajen birnin da ita. Girman ramin yana gaya maka yawan ginin da aka yi. Kuma ramin nan ba banza yake zama ba, da damina shi ke shanye ruwan da zai shiga gidaje. Garin da ya cike kududdufinsa ya yi gini a kai, ruwa zai zo neman wurinsa, ya tarar da ɗaki.

Sai mu zo ga mai yin aikin. Namiji magini, jam'i magina, har da sarautarsu, Sarkin Magina, a manyan birane irin Kano da Zariya. To mace fa? Maginiya. Kowa a nan ya san maginiya ba soro take tayarwa ba, tukunya take ginawa, da randa, da tulu, da kasko. Bahaushe bai ce ana ƙera tukunya ba, bai ce ana sassaƙa ta ba, ya ce ana gina ta. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake tayar da rumbun ƙasa irin namu, manyan rumbunan nan masu ciki kamar tulu da baƙo ke tsayar da mota a hanyar Buza don ya ɗauki hotonsu, ya ga dalili. Babu tubali a ciki. Ana murza ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, a aza zagaye ɗaya, a shafe da hannu, a bari ya sha iska, gobe a ƙara. Bangon bai kai kaurin tafin hannu biyu ba, amma yana riƙe hatsin gida shekara da shekaru. Hannun da ya gina randa da hannun da ya gina rumbu ilimi ɗaya suka sha. Har halittu muna ba su kalmar: gara tana gina suri, zanzaro yana gini a kusurwar ɗaki. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙasa da ruwa da haƙurin jira ta bushe.

Akwai kuma abin da Bahaushe ya hana wa kalmar. Ba a gina bukka, kafa ta ake yi. Ana kafa rumfa, ana kafa tanti, ana yin darni, ana ɗaura jinka a yi baibaya. Rudun da manoman albasa na Galmi da Madawa suke adana albasarsu a ciki, itace ne da kara da ciyawa, shi ma ba ka cika jin an kira shi gini ba. Wannan bambanci ba na nahawu kaɗai ba ne, magana ce ta shari'a. Abin da aka kafa ana iya tuge shi, a ɗora a kan jaki ko raƙumi, kamar yadda maƙwabtanmu Buzaye da Fulani suke yi in kiwo ya kira. Abin da aka gina ya kama ƙasa. Shi ya sa in dattijo ya ba ka aron fili, zai bar ka ka kafa rumfa ka yi shekaru, amma ranar da ya ga ka zuba tubali, ko ka fara gina rijiya, ko ka dasa itace, ranar zai aiko a kira ka. Ya san abin da kake faɗa ba tare da ka buɗe baki ba. Masu zama a kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, waɗanda muke kira Kofo, za su shaida cewa rigima da yawa da ke zuwa gabansu daga nan take tashi: an ba da aro don a kafa, wanda aka ba ya gina, masu shaidar kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Yanzu ku saurari wannan da kyau, don nan ne zuciyar maganata. Gini sunan abu ne, kuma sunan aiki ne. Muna cewa ga gini can, muna kuma cewa ana gini, gini ya tsaya, gini ya ci kuɗi. Harshen bai raba abin da aikinsa ba, kuma a ginin ƙasa gaskiyar ke nan, aikin ba ya ƙarewa. Ɗakin ƙasa yana tsaye ne muddin ana yi masa yaɓe. Kafin ruwan farko a hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a ƙara ƙasa a gindin bango inda ruwa ke ci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma inda ƙadangare ya shiga ruwa ma zai shiga. Ku dubi hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda asalinta ya koma farkon ƙarni na 16, aka sake tayar da ita a 1844. Itatuwan nan da suka fito a jikinta ba ado kaɗai ba ne, matakala ce da magina suka bar wa na bayansu don su hau su yi yaɓe. Wanda ya gina ta ya san za a ci gaba da gina ta bayan ransa, sai ya bar tsanin a jiki. Da aka daina wannan kulawa, ko ruwa ya fi ƙarfinta, mun ga abin da ke biyowa. A watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta a kan masallata. A watan Satumban 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a faɗin Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube. Harshenmu yana da sunayen wannan mutuwa daki-daki. Ɗakin da rufinsa ya tafi, bango ya rage, kango ne. Garin da mutanensa suka tashi, kufai ne.

To ina ƙanƙancewar da na ambata? Ku tuna yadda muke magana yau. Saurayi ya tafi biɗa Abijan, ko Legas, ko Libiya, ko Aljeriya, ya yi shekara biyu ko uku, sai ka ji mata a bakin rijiya suna cewa, wane ya yi gini. Kowa ya gane abin da ake nufi. Siminti ake nufi, da birgi, da tol a sama, da ƙofar ƙarfe mai fenti. In ɗakin ƙasa ya tayar, komai kyansa, ba za a ce ya yi gini ba, sai a ce ya yi ɗaki, ko a ce na banko ne. Kalmar da ƙasa ta haifa yau ta koma ta siminti, ƙasar ce kuma sai an yi mata ƙarin bayani, an ce ginin ƙasa. Magini ya zama maso a nan, ya zama birkila a Najeriya, tsohon sunan kuma ya rage wa tsofaffi. Takardun hukuma sun taimaka. A Faransancin ofis ana raba gine-gine gida biyu, na kayan dindindin da sauran, siminti da ƙarfe ne na dindindin, ƙasa tana cikin sauran. Hasumiyar Agadas mai ɗaruruwan shekaru, a wannan lissafin, ta wucin gadi ce. A birane abin ya kai ga kasuwa: in za a sayar da gidan ƙasa, mai saye zai ce shi fili yake saye, har ya nemi a rage masa kuɗin rushewa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin ya zo ya zagi siminti. Simintin ma namu ne, daga dutsen Malbaza ake yin sa tun shekarun 1960, cikin wannan jaha tamu. Kuma akwai inda babu makawa sai shi: bakin rijiya, gada, madatsar ruwa, ɗakin haihuwa da ake wankewa kullum. Wanda ya tuna gobarar da ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamban wannan shekarar, kowacce ta tafi da yara ƙanana kimanin 20 ko fiye, ba zai yi wa iyayen da ke neman aji mai bango da rufi dariya ba. Amma ku lura, azuzuwan da suka ƙone kafa su aka yi, ba gina su ba. Bangon ƙasa ba ya cin wuta. Matar da ta gaji da tara kwanoni a tsakar ɗaki duk daren da aka yi ruwa, ita ma tana da gaskiya in ta ce tol take so. Saurayin da ke Abijan kuma ba zai iya dawowa kowace bazara don yaɓe ba, kuma gayyar da a da take haɗa unguwa a kwaɓa ƙasa a yini ɗaya ta yi rauni, don majiya ƙarfin suna can. Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa siminti ya ci kasuwa: ginin ƙasa yana son hannu kowace shekara, hannun kuma ya tafi biɗa.

Abin da nake ƙi shi ne a ɗauka sunan siminti kaɗai ya isa. Mun ga birgin da aka cika wa rairayi don buhu ɗaya ya ba da yawa, wanda kake murƙushewa da yatsa. Mun ga ɗakin tol marar silin da a watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, mai shi ke barinsa ya koma kwana a tsohuwar shigifar uwarsa. Mun kuma ga wata ɗabi'a mai ban takaici, a ɗauki bangon ƙasa lafiyayye a shafe shi da siminti don ya yi kama da na masu kuɗi. Siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa yana shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, ya jiƙa bangon daga ciki, mai gida yana ganin waje sumul yana murna, har ranar da ɓawon zai ɓalle da rabin bango. Tsofaffin magina suna da abin shafensu da ya san halin ƙasa: makuba daga kwasfar ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina. Ku tambayi yaro ɗan shekara 15 yau mene ne makuba, ko azara, ko bakan gizo, ko ɗaurin guga, ko tulluwa, ko zanko. Kowace kalma cikin waɗannan dabara ce ta tsayar da rufi ko kore ruwa. In kalmar ta fita daga baki, dabarar ta fita daga hannu.

Ba nisa za mu je neman hujja ba. A Yama, cikin wannan jaha ta Tawa, wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya gina wa garinsu masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna kawo ruwa da tubali da itace. A 1975 ya sake rufin, ya ɗora shi a kan bakuna da tulluwa, daga baya ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyin, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini, kyautar da manyan masu zanen gini na duniya suke nema. Mutumin nan ba a ofis ya koyi aikinsa ba. A Dandaji kuma, har yanzu cikin jaharmu, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa na garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Tun 1980 ma, a Cikal ta ƙasar Filinge, aka fara koya wa magina rufin tulluwa da baka da tubalin ƙasa zalla, babu itace ko ɗaya, don azarar giginya ta yi tsada, daji kuma ya ƙare. Wato ƙasar ba ta tsaya inda kakanni suka bar ta ba, tana karɓar sabon ilimi in an ba ta.

Yanzu in yi muku tambaya. Wane gini ne mafi girma a ƙasar Adar? Wani zai ce masallaci kaza, wani zai ce gidan alhaji wane. Ni a ganina gini mafi girma a wannan yanki ba shi da rufi ko ƙofa. Bayan yunwar 1984, shekarar da aka fara aikin da kowa ya sani da furojen Keita, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, ana biyan ma'aikata da abincin hukumar abinci ta duniya, PAM, an jera duwatsu a kan tuddai da faƙo, an gina ramuka a gangaren duwatsu don dasa itatuwa, an tare ƙoramu da duwatsun da aka ɗaure cikin ragar waya, an yi madatsun ruwa. Dubban kadada da suka mutu suka sake ba da hatsi da ciyawa, aka dasa itatuwa miliyoyi. Su wa suka ɗauki duwatsun nan a ka? Mafi yawansu mata ne, don maza suna wurin biɗa. Wasunsu suna zaune a nan, ina ganin iyayenmu suna murmushi. Babu wanda ya taɓa cewa wance ta yi gini. Amma dutse a kan dutse ne, da awo, da igiya, don a tsayar da ruwa inda ake so. In wannan ba gini ba ne, a gaya mini sunansa.

Haka tassa. A 1989 wasu manoman ƙasar Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka a faƙo, a zuba taki, a jira ruwa. Suka dawo suka gyara tsohuwar tassarsu da abin da suka gani, abin ya bazu daga wajen Badagishiri, har faƙon da a da ko kyauta ba a karɓa ya zama abin saye da sayarwa. Nan kalmar ta koma ma'anarta ta ƙasa, gina rami. Kuma ƙa'idar yaɓe tana nan a kansu duka. Madatsa tana cika da yashi, waya tana tsinkewa, ruwa yana ture dutse, ramin tassa yana cikewa. Furoje ya zo ya tafi. Abin da muka ɗauka an gama, muka ce aikin Nasara ne ko na gwamnati, shi ne yau kuke gani ya zama kango a bakin ƙorama.

Ba zan tsaya dogon bayani a kan aron da muke yi wa kalmar ba, kun san shi. Likita yana cewa a ba yaro abinci mai gina jiki. In saurayi ya cika ya yi ƙarfi mu ce ya ginu. Malamin Hausa a aji yana koyar da ginin jimla. Malamin zaure in ya zo fassara hadisin shika-shikan Musulunci, da kalmar gina yake fassarawa. Alkawarin da ba shi da tushe mu ce tubalin toka ne. 'Yan siyasa kuwa, tun daga samun 'yancin kai a 1960 har yau, babu gwamnatin da ba ta kira mu ginin ƙasa ba. Ni dai in na ji an faɗa a rediyo nakan yi dariya a raina, don a Hausa ginin ƙasa sunan ɗakin kakata ne ma, wanda takardar ofishinsu ta ce na wucin gadi ne.

Abu biyu nake roƙo kafin in zauna. Na farko ga malaman makaranta, na boko da na allo. Ku tura yara wurin tsofaffin magina da maginiya na Tabotaki da ƙauyukan kewaye, da littafi da alƙalami. Su rubuto sunan kowace irin ƙasa da inda ake ɗebo ta, wadda ta dace da tubali, wadda ta dace da yaɓe, wadda ta dace da daɓe, wadda ake gina tukunya da ita. Su tambayo kwana nawa kwaɓi ke kwana kafin a taɓa shi, da irin ciyawar da ake zubawa, da yadda ake jera dutse a harsashi don ruwa kada ya ci gindin bango. Su rubuta da Adaranci yadda tsohon ya faɗa, kada su gyara masa zuwa Kananci.

Na biyu ga masu tafiyar da harkokin gari. In kun zauna tsara kuɗin shekara, kun zo layin gine-gine, a ware wani abu, ko kaɗan ne, na gyaran abin da ke tsaye: rufin aji, bakin rijiya, wayar madatsa, jerin duwatsun kan tudu. A sa shi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da 'yan biɗa suka fara dawowa don noma, hannu ya samu, ruwa kuma bai sauka ba. In aka bari sai Yuli, laka ba ta bushewa, mota ma ba ta kai siminti wasu ƙauyukan.

 Na ga baba a can baya ya ɗaga hannu tun ina maganar aron fili. Bismillah, baba, a miƙa masa abin magana.